Daga Gado Zuwa Digiri: Yadda Kiɗa da Rawa da Wasan Bajinta Suka Shiga Manyan Makarantun Turai

Gabatarwa

Wata rana ina koyar da darasin wasannin gargajiya, sai zance ya kawo mu kan 'yan hoto, mutanen nan da ke cilla garma sama su tare ta da ƙirji ko da cinya, makaɗi na zuga su. Ina cikin bayanin irin shekarun da yaro ke ɗauka kafin a sakar masa garma ta gaske, sai wani ɗalibi daga bayan aji ya ce, "Malam, to ai saura a ba su digiri." Aji ya fashe da dariya, ni ma na dara. Amma da dariyar ta lafa sai na shaida musu cewa akwai inda ake bayar da digirin, kuma da kuɗin hukuma ake gudanar da karatun.

Wurin da nake nufi yana birnin Rotadam na ƙasar Holan. A can akwai wata babbar makaranta mai suna Codarts, wadda ke kiran kanta jami'ar fasaha, mai ɗalibai kimanin 1,000 daga ƙasashe barkatai. Fannoni uku ta tsaya a kansu: kiɗa, da rawa, da wasan da Turawa ke kira sakas, wanda a wannan maƙala zan riƙa kiran sa wasan bajinta. Shi ne wasan da ake yi a tsakiyar da'irar 'yan kallo, ya ƙunshi alkafura, da tafiya a kan igiya, da shillo a can ƙololuwar tanti, da cilla abubuwa ana cafewa, da barkwanci. Makarantar kiɗan birnin ta samu ne a 1930, ta rawa a 1931, aka haɗe su wuri guda a 2000. Shi kuwa wasan bajinta bai sami shiga ba sai a 2006. Wato tsakanin rawa da shi akwai ratar shekara 75. Wannan rata ita ce ta ja hankalina, domin ba a Rotadam kaɗai ta faru ba. A wurare da dama a Turai, kiɗa ne ke fara shiga makaranta, rawa ta biyo, wasan bajinta ya zo a ƙarshe yana jan ƙafa.

Kiɗa da Rawa

Kada mai karatu ya ɗauka cewa tun fil azal Bature yana girmama makaɗi. A 1572 majalisar Ingila ta yi wata doka a kan 'yan gararamba, ta lissafa mawaƙan yawo, da masu cilla abubuwa suna cafewa, da masu wasa da dabbar nan ta beya, a cikin waɗanda za a hukunta muddin ba su da wani basarake da ya tsaya musu. Wanda ya san matsayin maroƙi da gardi a ƙasar Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Makaɗin fada yana da riga da doki, makaɗin kasuwa kuwa sai abin da hali ya yi.

Abin mamaki shi ne, makarantun kiɗa na farko ba don 'ya'yan manya aka gina su ba. Gidajen marayu ne. A birnin Napoli na Italiya, tun cikin ƙarni na 16, an sami gidajen da ake tsare yara marasa galihu, ana koya musu addini da sana'a. Sannu a hankali sai kiɗa da waƙa suka rinjayi sauran sana'o'in, saboda majami'u da masu jana'iza suna biyan kuɗi a aiko musu da yaran su rera. Daga kalmar Italiyanci mai nufin tsarewa ko adanawa aka sami sunan da har yau Turawa ke kiran makarantar kiɗa da shi. A Banis ma haka abin yake, sai dai can 'yan mata ne suka yi fice, kuma a ɗaya daga cikin gidajen ne shahararren mai gogen nan Vivaldi ya fara koyarwa a 1703.

Juyin juya halin Faransa ne ya mayar da abin na hukuma. Sabuwar gwamnati tana bukatar masu busa da masu ganga don faretin soja da bukukuwan ƙasa, ga shi kuma an rushe makarantun majami'u da ke samar da su. Saboda haka a 1795 aka kafa makarantar kiɗa ta Faris. Karatu kyauta ne, shiga kuwa sai da jarrabawa, malamai suka zauna suka rubuta littafin koyar da kowane kayan kiɗa daki-daki. Wannan tsari ne sauran ƙasashe suka kwaikwaya, kamar makarantar da Mendelssohn ya buɗe a Laifzig ta Jamus a 1843. Lokacin da aka kafa ta Rotadam a 1930, aka ɗora mawallafin kiɗa Willem Pijper a kan shugabancinta, hanya ta riga ta daɗe da sharuwa.

Babban abin da ya taimaki kiɗa shi ne rubutu. Tun ƙarni na 11 wani malamin majami'a, Guido na garin Arezzo, ya kyautata hanyar rubuta sauti a kan layuka. Abin da ake iya rubutawa ana iya ajiye shi a ɗakin karatu, a tsara masa manhaja, a yi jarrabawa a kansa, a ci ko a faɗi. Makaranta kuwa, ko wace iri ce, ba ta cika amincewa da ilmin da ba ta iya aunawa a takarda ba.

Rawa ta bi ta ƙofar fada ne. Sarkin Faransa Luwi na 14 shi kansa gwanin rawa ne, ya kuma kafa majalisar masana rawa a 1661. Makarantar rawa ta gidan wasan Opera na Faris ta biyo baya a 1713, ta birnin Fitasbag na Rasha a 1738. Amma waɗannan wuraren horar da yara ne tun suna ƙanana, ba a ɗauke su a matsayin ilmi mai zurfi ba. Jami'ar da ta fara bayar da digiri a rawa ita ce ta Wiskonsin a Amurka, a 1926, ta hannun wata malama Margaret H'Doubler. Ko ita ma ta ƙofar baya ta shigar da shi, domin a ƙarƙashin sashen motsa jiki na mata aka ajiye kwas ɗin, aka kafa hujja da lafiyar jiki. Bayan shekara 2 Rudolf Laban ya fito da tsarinsa na rubuta motsin jiki, bayan shekara 5 kuma Corrie Hartong ta buɗe makarantarta a Rotadam.

Sana'ar da Ake Gada

A kan wasan bajinta zan ɗan daɗe, domin a nan ne ainihin rigimar take.

Masu alkafura da masu tafiya a kan igiya sun daɗe a duniya, daga Sin har Masar. Amma sakas irin na zamani ana danganta shi ne ga Philip Astley, wani tsohon sojan doki na Ingila, wanda a 1768 ya buɗe fili a Landan, yana koyar da hawa da safe, da yamma kuma yana nuna bajinta a kan doki. Ya lura cewa idan doki na sukuwa a cikin da'ira, mahayi ya fi samun sauƙin tsayawa a bayansa. Daga bisani faɗin da'irar ya tsaya a kan ƙafa 42, wato kimanin mita 13, kuma har yau shi ne ma'aunin da aka saba da shi. Da ya ga 'yan kallo na gajiya da doki zalla, sai ya riƙa sa masu alkafura da masu barkwanci a tsakani. Ka ji asalin abin.

A ƙarni na 19 sana'ar ta bunƙasa ƙwarai, sababbin dabaru suka yi ta fitowa, irin shillon da Jules Léotard ya fara nunawa a Faris a 1859, inda mutum zai saki wani shillo ya kama wani a sararin sama. Sai dai duk wannan bunƙasa a hannun zuriyoyi ta kasance. Akwai gidan Knie a Suwizalan, da gidan Chipperfield a Ingila, da gidan Fratellini da na Bouglione a Faransa, da gidan Wallenda masu tafiya a kan igiya. Yaro yana buɗe ido ya ga uwarsa a kan shillo, ubansa a kan doki. Tun yana ɗan shekara 4 ko 5, ƙashinsa da sauran taushi, ake fara lanƙwasa shi. Babu littafi, babu manhaja. Sirrin yadda ake ɗaure igiya, da yadda ake faɗuwa ba a karye ba, dukiyar gida ce, ba a ba bare, har aure ma yawanci a tsakaninsu suke yi. Bahaushe ya riga ya taƙaita wannan falsafa da cewa ɗan na gada ya fi ɗan na koya. Ga kuma yawo: mutanen da yau suna wannan gari, gobe sun naɗe tanti sun yi gaba, ina za a kafa musu aji?

Wanda ya fara fasa wannan shinge gwamnatin Kwaminisanci ce ta Rasha. A 1919 Lenin ya sa hannu a dokar da ta mayar da gidajen wasan kwaikwayo da na sakas mallakar hukuma. Shugabannin sun ga cewa wasa ne da talaka ke so, wanda ba ya bukatar iya karatu kafin a fahimce shi. Matsalar ita ce da yawa daga cikin zuriyoyin da ke riƙe da sana'ar baƙi ne, kuma sun tattara nasu ya nasu sun bar ƙasar. Tilas ke nan a ƙirƙiro 'yan wasa. A 1927 aka buɗe makarantar sakas ta Mosko, aka ɗauki 'ya'yan ma'aikata da ba su gaji kome ba, aka haɗa musu dabarun tsofaffin 'yan wasa da horon masu motsa jiki da na masu rawa, aka ƙara da karatun boko. Daga wannan makaranta Oleg Popov ya fito, wanda ya zama mashahurin mai barkwanci na zamaninsa. Da 'yan wasan Mosko suka kewaya biranen yammacin Turai a 1956, zuriyoyin can suka ga abin da ba su zata ba: ɗan na koya ya kamo ɗan na gada, a wasu fannonin ma ya wuce shi.

Duk da haka yammacin Turai bai motsa ba sai da uwar bari ta gabato. Silima da talabijin sun janye 'yan kallo, kuɗin jigilar tanti da ciyar da giwaye ya yi tsada, manyan kamfanoni suka riƙa durƙushewa, 'ya'yan gida kuma suka fara neman wasu sana'o'i. A 1974 aka buɗe makarantu biyu a Faris. Ɗaya ta Alexis Gruss ce da Silvia Monfort, ɗayar ta Annie Fratellini da mijinta Pierre Étaix. Ya kamata a lura da sunayen. Gruss ɗan gado ne, Annie kuwa jikar ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan uku na gidan Fratellini ce. Wato masu gadon ne da kansu suka buɗe ƙofar rumbu, da suka tabbata cewa in ba a raba irin ba, to, gara za ta cinye shi.

Akwai wani abin dariya a nan wanda ke nuna matsayin sana'ar a idon hukuma. Har zuwa ƙarshen shekarun 1970, ma'aikatar gona ce ke kula da sha'anin sakas a Faransa, saboda dawaki da sauran dabbobi. Sai a lokacin aka mayar da shi ƙarƙashin ma'aikatar al'adu. A 1985, zamanin da Jack Lang ke ministan al'adu, gwamnati ta buɗe babbar cibiyar koyar da wasan bajinta a garin Shalon. Kafin nan, a 1981, an buɗe irinta a Montiriyal ta Kanada, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Guy Caron, shi ne ya zama darektan fasaha na farko na kamfanin Cirque du Soleil da aka kafa a 1984.

Makarantar ba ta tsaya ga adana abin da ta tarar ba, sai da ta sauya masa kama. A tsohon tsari, wasa jerin bajintoci ne: wannan ya fito ya yi nasa, a buga ganga, a tafa, wani ya fito. A Shalon kuwa sai aka riƙa gayyato masu tsara rawa da masu shirya wasan kwaikwayo su jagoranci wasan kammala karatun ɗalibai. Wanda Josef Nadj ya shirya a 1995 ya yi tashe har masana suna ɗaukar sa a matsayin mafarin sabon zamani, inda alkafura ta zama kamar kalma a cikin jimla, ana gina ma'ana da ita. A ganina a nan ne wasan bajinta ya sami abin da rubutu ya ba kiɗa. Ya sami mawallafi, ya sami mai sharhi, ya zama abin da malami zai iya cewa wannan ya yi kyau saboda kaza, wancan ya gaza saboda kaza.

Komawa Rotadam

Saura takarda. A 1998 makarantun sakas na Turai suka kafa ƙungiyarsu ta tarayya, a 1999 kuma ministocin ilmi na ƙasashe 29 suka haɗu a birnin Bolonya suka amince da tsarin digiri bai ɗaya. Wannan ya sauƙaƙa wa makarantun fasaha su daidaita kwasa-kwasansu da na sauran manyan makarantu. A cikin wannan yanayi ne Codarts ta buɗe sashenta na wasan bajinta a 2006, karatun shekara 4, a ƙarshe a ba mutum digirin farko daidai da na mai goge ko mai rawa.

Ba da sakamakon jarrabawar sakandare kaɗai ake shiga ba. Sai mai nema ya zo ya nuna abin da jikinsa ke iyawa, kuma 'yan kaɗan ake ɗauka a shekara, domin irin wannan koyarwa kusan malami ɗaya ne da ɗalibi ɗaya. Ɗalibi yakan zaɓi fannin da zai ƙware a kai, ya kuma yi darussan rawa, da wasan kwaikwayo, da sanin gaɓoɓin jiki, da tarihin sana'ar, da yadda zai tallata kansa idan ya fita. Akwai katifu, da igiyar tsaro da ake ɗaura wa mai koyo a ƙugu, da masu kula da rauni. Abin da uba ke yi da tsawa da idon basira, yanzu ma'aikata da yawa ne suka raba a tsakaninsu.

Mai tambaya zai ce, to, wanda ya zo yana ɗan shekara 18, ai ƙashi ya riga ya yi tauri. Gaskiya ne. Amsar ita ce yawancinsu ba sababbin shiga ba ne. Wasu daga wasannin motsa jiki suka fito, wasu daga ƙungiyoyin sakas na yara. A Holan irin wannan ƙungiya ta daɗe, domin tun a 1949 aka kafa Circus Elleboog a Amstadam, don a janye yaran unguwannin talakawa daga yawon titi. Tarihi ya maimaita kansa ke nan: kamar yadda marayun Napoli suka zama harsashin makarantar kiɗa, haka yaran titi suka zama wani ɓangare na harsashin wannan. Digirin rufin ɗaki ne kawai, akwai ginin da ke ƙarƙashinsa.

Ba kome ne ya tsallake zuwa makaranta ba. Dabbobi, waɗanda da su aka faro sana'ar, an bar su a waje. Ƙasar Holan ta haramta wasa da namun daji a sakas a 2015, kamfanin Ringling na Amurka kuwa ya rufe a 2017 bayan shekara 146, da ya dawo a 2023 babu dabba ko ɗaya. Ban yi kukan zaki da giwa ba, don na san irin azabar da ke bayan wannan biyayya tasu. Amma tsofaffin 'yan gado suna da wani ƙorafi da bai kamata a yi watsi da shi ba. Suna cewa ɗan makaranta ya iya jiki amma bai san 'yan kallo ba, don bai taɓa yin wasa sau biyu a yini, wata da watanni, a gaban mutanen da suka biya kuɗinsu suna jiran a burge su ba. Suna kuma cewa sabon wasan ya koma na 'yan boko, ya bar talakan da ya raine shi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ko da yake su ma masu ƙorafin sukan ɗauki 'yan makarantar aiki idan sun tashi cika shirinsu.

Akwai wani abu da makarantar kiɗa ta Rotadam ta yi tun kafin zuwan sakas, wanda a wurina ya fi kome muhimmanci. A 1985 ta buɗe sashen koyar da jitar filamenko, kiɗan gargajiya na kudancin Sifen wanda ake koyo da kunne, ba da takarda ba. Ta ɗauko Paco Peña, mutumin Kurɗuba wanda ya fara koyon jita a wurin wansa, ya kuma fara fita wasa yana ɗan shekara 12, ta ba shi shugabancin sashen. Bayan haka ta buɗe sashen kiɗan Indiya, inda gwanin sarewar nan Hariprasad Chaurasia ya daɗe yana jagoranci. Ma'ana, makarantar ta amince cewa gwani shi ne malami, ta kuma daidaita ƙa'idojinta don ya sami wurin zama.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Jami'o'in Afirka ta Yamma ba su makara ba wajen buɗe ƙofa. Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka ta buɗe sashen kiɗa a farkon shekarun 1960, Jami'ar Ibadan ta buɗe makarantar wasan kwaikwayo a daidai wannan lokaci, Jami'ar Gana da ke Legon ta kafa makarantar kiɗa da wasan kwaikwayo a 1962, inda Kwabena Nketia ya yi aikin da duniya ta san shi da shi. A Senegal ma shugaba Senghor da Maurice Béjart sun kafa makarantar rawa a Dakar a 1977, suka danƙa ta ga Germaine Acogny. Amma mu a sassan Hausa wata hanya muka bi. Mun ɗauki waƙar baka da wasannin gargajiya a matsayin abin nazari. Ɗalibi zai tafi ƙauye da rikoda, ya yi hira da sarkin makaɗa ko da gardi, ya dawo ya rubuta kundi a kan jigo da salo da zubi. Ni kaina da irin wannan aiki na sami takardun da nake taƙama da su, kuma ba na raina shi, don ba don shi ba da abubuwa da dama sun salwanta. Sai dai kundi yana adana bayanin yadda ake tare garma ne, ba ya haifar da mai tarewa. Dalilan da suka hana mu wuce nan sanannu ne: akwai matsayin roƙo a cikin al'umma, akwai ra'ayin malaman addini a kan kiɗa da rawa, akwai kuma ƙa'idar ɗaukar malaman jami'a, wadda ke tambayar takarda kafin ta tambayi gwaninta.

A 1988, shekara 3 bayan Rotadam ta ba Paco Peña aji da ɗalibai, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa na dakta. Babban abu ne a lokacin, ya kuma ɗaga darajar makaɗan Hausa baki ɗaya. Amma digirin girmamawa riga ce da hula da takarda, ba ya zuwa da aji, ba ya zuwa da ɗalibai. Shata ya ci gaba da yawonsa da makaɗan kalangunsa kamar yadda ya saba, har Allah ya karɓi abinsa a watan Yuni na 1999.